NAZARI: Shekara 30 bayan sulhun liman da fasto, me ya rage tsakanin Musulmi da Kirista a Kaduna?

A watan Maris na 2025, ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila ta Commonwealth ta bayar da lambar yabonta ta zaman lafiya karo na farko, kuma mutum biyu daga Kaduna ne suka karɓe ta: Imam Muhammad Nurayn Ashafa da Fasto James Movel Wuye. Wata bakwai bayan haka, ranar 31 ga Oktoba, Shugaban Amurka Donald Trump ya mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da gwamnatinsa ke zargi da tauye 'yancin addini, yana cewa ana yi wa Kiristoci kisan gilla, har ya yi barazanar amfani da ƙarfin soja. Cikin shekara guda ke nan duniya ta yaba wa Najeriya a kan sasanta mabiya addinai, ta kuma tuhume ta da gaza kare rayukansu.

Muhawarar da ta biyo bayan furucin Trump a kafafen sada zumunta ta koma gasar ƙirga gawarwaki. Wannan ya jera sunayen ƙauyukan da aka ƙona da majami'un da aka kai wa hari, wancan ya mayar da martani da jerin masallatan da aka buɗe wa wuta da matafiyan da aka tare a hanya. Kowane ɓangare yana da gaskiya a abin da ya lissafa, kuma kowane ɓangare ya yi gum a kan abin da ɗan uwansa ya lissafa. A irin wannan yanayi ya dace a tambaya: me tarurrukan malamai da fastoci na shekara 30 suka haifar? Babu inda ya fi Kaduna dacewa a nemi amsa, domin a can an zubar da jini mai yawa da sunan addini, a can kuma aka fi gwada hanyoyin sulhu.

Tarihin Kaduna ya nuna cewa haɗin kan shugabannin addini yana iya kashe wuta kafin ta ci gari, kuma ya sha yin hakan. Amma bai taɓa iya maye gurbin abubuwa biyu ba: cuɗanyar yau da kullum tsakanin talakawan addinan biyu, da hukuncin da ya kamata hukuma ta yanke wa wanda ya yi kisa.

Daga gaba zuwa aminci

Ashafa ɗan gidan malamai ne, Wuye kuma ɗan soja ne da ya tashi a Kaduna. Dukansu sun yi tashe a ƙungiyoyin matasan addinansu a shekarun da suka biyo bayan rikicin Kafanchan na Maris 1987, wanda ya faro a Kwalejin Ilimi ta garin, ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa. A 1992 taƙaddama a kan sauya wa kasuwa matsuguni a Zangon Kataf ta rikiɗe ta zama yaƙi tsakanin Atyap da Hausawa, kuma a watan Mayu wutar ta iso birnin Kaduna. A tarzomar ne Wuye ya rasa hannunsa na dama. Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Kowannensu ya fito daga rikicin da ƙudurin ramuwa.

A 1995 wani ɗan jarida da ya san su duka ya haɗa su a wurin wani taro, ya nuna musu cewa irin su ne za su iya gyara ƙasar nan ko su rusa ta. Sulhun bai zo a rana ɗaya ba. Wuye ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya shafe shekara uku yana aiki tare da Ashafa alhali tunanin hallaka shi bai bar zuciyarsa ba. Ashafa ya ce huɗubar wata Juma'a a kan yadda Manzon Allah (SAW) ya yafe wa mutanen Ɗa'ifa bayan sun jefe shi ita ce ta sassauta masa zuciya. Wuye kuwa wani babban fasto ne ya gargaɗe shi cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a ƙirji. Ziyarar da Ashafa ya kai wa mahaifiyar Wuye lokacin da take jinya ta ƙara rage nisan da ke tsakaninsu.

Abin lura a nan shi ne babu wanda ya sassauta aƙidarsa a cikinsu. Har yau liman limami ne, fasto fasto ne, kuma kowa yana ganin addininsa ne gaskiya. Daga cikin littafinsa kowa ya samo hujjar daina kisa. Wannan shi ya sa cibiyar sasanta mabiya addinai da suka kafa a Kaduna, wadda aka fi sani da IMC, ta samu shiga a wuraren da ƙungiyoyin farar hula ba su iya shiga ba. Matashin da ya ɗauki adda da sunan kare addini ba ya sauraron wanda yake ganin bai damu da addinin ba. Yakan saurari wanda ya taɓa riƙe addar, ya kuma san ayoyin da yake kafa hujja da su.

Takardar Agusta da jarrabawar Nuwamba

A watan Fabrairu da Mayu na 2000, muhawarar ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a jihar ta haifar da tarzomar da ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa ta ci aƙalla rayuka 2,000. Bayan wannan bala'i ne gwamnatin Ahmed Muhammad Maƙarfi ta ɗauki matakai biyu masu nauyi. Ta ƙirƙiro masarautu ga ƙabilun kudancin jihar, waɗanda suka daɗe suna ƙorafin zama ƙarƙashin Masarautar Zazzau, sannan ta tsara kotuna ta yadda na Shari'a za su yi aiki ga Musulmi, na gargajiya kuma ga waɗanda ba Musulmi ba.

A kan wannan shimfiɗa aka ɗora sanarwar zaman lafiya ta Kaduna, wadda shugabannin addini 22 suka sanya wa hannu ranar 22 ga Agusta 2002, goma sha ɗaya daga kowane ɓangare. An gina ta ne bisa samfurin sanarwar Iskandariyya ta farkon wannan shekarar, wadda malaman Musulunci da na Kirista da na Yahudawa suka amince da ita a Masar. Wata uku kacal bayan haka, wani rubutu da jaridar ThisDay ta wallafa a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ya tayar da tarzomar da ta kashe kimanin mutum 250 a Kaduna, aka kuma mayar da gasar Landan.

Masu sukar tarurrukan addinai sukan tsaya a nan su ce ga shi nan, tawadar ba ta bushe ba aka koma kisa. Sukar tana da tushe, amma ba ta cika ba. Waɗanda suka sanya hannu sun fito tare a talabijin, sun zaga unguwanni tare suna kiran a mayar da wuƙa kube. A watan Fabrairu na 2006, lokacin da zanen ɓatancin da aka buga a Denmark ya haddasa kashe-kashe a Maiduguri da ramuwar gayya a Onitsha, Kaduna da kowa ke fargaba a kanta ta kwana lafiya. Abin da aka samu a 2002 ya fi takardar kanta amfani: shugabannin da a da ba sa ga maciji da juna sun san lambobin wayar juna, kuma sun san wanda za su kira da tsakar dare idan jita-jita ta tashi.

An ga irin wannan a Jihar Filato. A watan Fabrairu na 2004 an kashe Kiristoci fiye da 70 a garin Yelwa da ke ƙaramar hukumar Shendam, da yawansu a harabar coci. A farkon Mayu aka kai harin ramuwa da ya kashe Musulmi sama da 600, kwanaki kaɗan bayan haka kuma aka kashe mutum fiye da 200 a Kano da sunan ɗaukar fansa. Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye. Ashafa da Wuye sun shiga Yelwa a ƙarshen shekarar, suka zaunar da wakilan al'ummomin har kowa ya amayar da abin da ke cikinsa a kan fili da sarauta da batun ɗan gida da baƙo, aka nemi gafarar juna, aka sanya hannu a kan yarjejeniya a Fabrairun 2005. Garin bai sake ganin kisa irin na 2004 ba.

Shirun da kogi ya raba

Duk wanda ya san Kaduna kafin 2000 ya san cewa Kirista yakan kama haya a Tudun Wada ko Rigasa, Musulmi kuma ya gina gida a Television ko Unguwar Romi. Tarzomar 2000 da ta 2002 sun kawo ƙarshen wannan. Iyalai sun sayar da gidajensu da araha, wasu sun yi musanya, kowa ya koma inda masu addininsa suka fi yawa. Yau Kogin Kaduna ya zama iyaka: mafi yawan Musulmi a arewa, mafi yawan Kiristoci a kudu, in ban da unguwanni irin su Barnawa da Kakuri da har yanzu ake zaman gauraye. Har wasu kan kira ɓangare ɗaya Makka, ɗayan kuma Kudus.

Gaskiya ne cewa tun bayan ramuwar gayyar da ta biyo bayan tayar da bama-bamai a majami'un Zariya da Kaduna a watan Yunin 2012, birnin bai sake ganin tarzoma mai girman ta baya ba. Ko a Oktoban 2018, da aka kashe mutum 55 a Kasuwan Magani, aka kuma sace Agom Adara, Maiwada Galadima, aka kashe shi, wutar da ta shigo birnin an shawo kanta da dokar hana fita. Sai dai wani kaso na wannan shiru ya samo asali ne daga rabuwar kanta. Wanda ake nema a kashe ba ya kwana a gidan da ke maƙwabtaka. Farashin wannan kwanciyar hankali shi ne an samu matasa 'yan shekara 25 da aka haifa a birni ɗaya, waɗanda ba su taɓa cin tuwon Sallah ko shinkafar Kirsimeti a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba.

Rabuwar ta zo daidai da durƙushewar wuraren da ke haɗa mutane ba tare da an kira taro ba. Masaƙun Kakuri sun taɓa ɗaukar dubban ma'aikata daga kowace ƙabila da addini, suna shiga aiki da ƙararrawa ɗaya, suna yajin aiki a ƙungiyar ƙwadago ɗaya. Masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, UNTL kuma ta bi sahu a 2007. Makarantun gwamnati da suka haɗa 'ya'yan liman da na fasto a benci ɗaya sun lalace, duk mai hali ya kai ɗansa makarantar kuɗi, kuma da yawa daga cikinsu na addini ɗaya ne. Yayin da shugabanni ke ƙara haɗuwa a zaurukan taro, mabiyansu suna ƙara nisa da juna a unguwa.

Akwai binciken da ya auna illar wannan a Kaduna kanta. Masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun zaɓi samari Musulmi da Kirista fiye da 800 daga unguwannin da suka sha fama da rikici, suka sanya wasu daga cikinsu a horon kwamfuta na mako 16. Wasu azuzuwan na gauraye ne, wasu kuma na addini ɗaya. Ba a yi musu wa'azin zaman lafiya ba, kwamfuta kawai aka koya musu. Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya nuna cewa horon bai sauya mummunan zaton da samarin ke yi wa juna ba. Amma da aka gwada su da rabon kuɗi, waɗanda suka zauna a ajin gauraye sun fi yi wa wanda ba addininsu ɗaya ba adalci a kan waɗanda suka zauna da 'yan uwansu zalla. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yawancin bambancin ya fito ne daga ajin addini ɗaya, inda zama tare ya ƙara wa samarin fifita nasu.

Ma'anar wannan ga Kaduna a fili take. Zama a ware ba ya barin mutane yadda suke, ƙara musu son kai yake yi. Cuɗanya kuma ba lallai ta sa mutum ya so maƙwabcinsa ba, amma tana sa ya ji nauyin zaluntarsa, wanda shi ne abin da gari ke buƙata domin ya kwana lafiya.

Abin da ya faru a Nghar

Babban misalin jinƙai tsakanin addinan biyu a shekarun nan bai fito daga wani taron bita ba. Ranar 23 ga Yuni 2018, 'yan bindiga sun afka wa ƙauyuka a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato, inda 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 86. Mutanen da suka tsere, galibinsu Kiristoci 'yan ƙabilar Berom, sun kwarara zuwa Nghar Yelwa. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, mai shekara 83 a lokacin, ya shigar da mutum 262 cikin masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga, har ya miƙa ransa a madadin nasu. A 2019 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta karrama shi.

Da aka tambaye shi dalili, ya ambaci addininsa, ya kuma ambaci wani abin da ya faru fiye da shekara 40 kafin ranar: Kiristocin yankin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin. Alherin da wasu suka shuka, wataƙila ba su ma rayu sun ga ranar ba, shi ne ya ceci 'ya'yansu da jikokinsu. Da an riga an raba Nghar gida biyu kamar Kaduna, da waɗanda suka gudu ba su san ƙofar da za su buga ba.

Irin wannan zumunci bai mutu a Kaduna ba. Fasto Yohanna Buru na Sabon Tasha ya yi suna wajen halartar Mauludi da raba abinci ga masu azumi, Musulmi kuma kan cika cocinsa ranar Kirsimeti. Majalisar mata mabiya addinai da aka kafa a birnin a 2010 tana haɗa shugabannin ƙungiyoyin mata na ɓangarorin biyu. A zanga-zangar janye tallafin man fetur ta Janairun 2012, an ga matasa Kiristoci sun yi wa Musulmi zobe suna gadinsu har suka idar da salla. A ranar, farashin fetur ya haɗa waɗanda huɗuba da wa'azi suka kasa haɗawa.

Yafiya ba tare da hukunci ba

Babban raunin aikin sulhu a Arewa shi ne ana neman wanda aka zalunta ya yafe, ba a kuma nuna masa wanda ya zalunce shi a gaban alƙali. Kusan kowane babban rikici ya samu kwamitin bincikensa. A Filato akwai na Mai Shari'a Fiberesima a 1994, na Niki Tobi bayan 2001, da na Bola Ajibola bayan 2008. A matakin tarayya akwai kwamitin Sheikh Ahmed Lemu a kan rikicin bayan zaɓen 2011, wanda Human Rights Watch ta ce ya kashe mutum fiye da 800 cikin kwana uku a jihohi 12, mafi yawansu a Jihar Kaduna. A garuruwan arewacin jihar an kashe Kiristoci an ƙona majami'u, a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan kuma an kashe Musulmi da yawa. Rahoton da ƙungiyar ta fitar a 2013 ya nuna cewa in ban da ƙalilan, waɗanda suka aikata kashe-kashen Kaduna da Filato ba su fuskanci shari'a ba, duk da cewa shaidu sun san su da suna.

Inda aka yi hukuncin ma, an yi shi ta yadda ya bar ƙorafi. Kotun musamman ta Mai Shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya da wasu 'yan ƙabilar Atyap hukuncin kisa a kan rikicin Zangon Kataf, daga baya gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta sassauta shi zuwa ɗauri. Atyap sun ɗauki shari'ar a matsayin ta son kai, Hausawa kuma sun ɗauki sassaucin a matsayin an zubar da jininsu a banza. Sai a 2020, bayan shekara 28, gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta kafa kwamitin da zai fitar da matsayar gwamnati a kan rahoton Mai Shari'a Rahila Cudjoe na 1992, kuma matakin da kansa ya tayar da sabuwar ƙura.

Idan hukuma ba ta hukunta mutum ɗaya da ya yi kisa ba, al'ummar da aka yi wa ɓarna takan ɗora laifin a kan duk masu addininsa. Daga nan ramuwar gayya ke samun gindin zama, a tare matafiyin da bai ji ba bai gani ba saboda sunansa ko suturarsa. Liman da fasto za su iya roƙon mutane su yi haƙuri sau ɗaya, sau biyu. A karo na uku matasa kan fara kallonsu a matsayin 'yan amshin shatan gwamnati, kuma wannan zargi ya riga ya zama ruwan dare a ɓangarorin biyu.

Misalin Maƙarfi ya nuna cewa kiran malamai yakan yi tasiri idan hukuma ta taɓa tushen ƙorafi. Misalin Kafanchan kuwa ya nuna akasin haka. A Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar na kudancin Kaduna suka sanya hannu a kan sanarwar zaman lafiya, har aka kafa allon neman gafarar juna a Samarun Kataf. Kafin shekarar ta ƙare hare-hare sun dawo ƙauyukan yankin. An kafa Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna a 2017 ƙarƙashin jagorancin Akbishop Josiah Idowu-Fearon, amma hukuma irin wannan ba ta da 'yan sanda, ba ta da kotu, ba ta kuma da ikon warware rikicin gona da burtali ko na takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma.

Abokin gaba ya sauya kama

An ƙera dabarun IMC da makamantanta ne domin tarzomar gari, inda maƙwabci ke far wa maƙwabci kuma kowa yana da limami ko faston da yake jin maganarsa. Mafi yawan jinin da ake zubarwa a Kaduna yau daga daji yake fitowa. Ɗan bindigar da ke neman kuɗin fansa ba ya cikin JNI, ba ya cikin CAN, kuma babu sanarwar da ta ɗaure shi.

Ƙaramar hukumar Chikun kaɗai ta isa misali. A Yulin 2021 an sace ɗalibai fiye da 120 daga makarantar Bethel Baptist. A Maris 2024 an kwashe ɗalibai daga makarantar gwamnati ta Kuriga, garin da galibin mazaunansa Musulmi ne, aka sako 137 bayan mako biyu da 'yan kwanaki. Iyayen Bethel da na Kuriga kuka iri ɗaya suka yi. Haka nan jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka kai wa hari ranar 28 ga Maris 2022 yana ɗauke da masu addinan biyu.

Wannan ba ya nufin addini ya fita daga lissafi. An sace Michael Nnadi, ɗalibin makarantar horar da limaman Katolika da ke Kakau, aka kashe shi a farkon 2020. Ƙauyukan Kiristoci a Kajuru da Kaura da Zangon Kataf sun sha hare-haren dare, kuma wanda aka ƙona masa coci yana da hujjar ganin cewa addininsa ake hari. Haka ma Boko Haram ta kashe Sheikh Muhammad Auwal Albani a Zariya a 2014, ta kashe masallata fiye da 100 a babban masallacin Kano a Nuwamban shekarar. Birnin Gwari da Giwa da Igabi sun binne Musulmi ba adadi, a Tudun Biri kuma jirgin soja maras matuƙi ya kashe aƙalla mutum 85 a wurin Mauludi a Disambar 2023. Duk bayanin da ya ɗauki rabin wannan jeri ya watsar da rabi, ko daga Washington ya fito ko daga Abuja, zai ƙara wa ɓangare ɗaya jin cewa jininsa ba shi da daraja.

Aikin da ya rage

A matakin ƙasa akwai majalisar haɗin kan addinai ta NIREC, wadda aka kafa a 1999, Sarkin Musulmi da shugaban CAN ke jagorantarta tare. Tana da martabar da za ta sa fadar shugaban ƙasa ta saurare ta. Abin da aka fi saninta da shi kuwa shi ne sanarwar bayan taro mai yin Allah wadai da kiran a zauna lafiya. Ƙarfinta zai fito ne ranar da JNI za ta tsaya kai da fata a kan shari'ar wanda ya kashe Kirista, CAN kuma ta bi kadin Musulmin da aka tare a hanya, su biyun su ambaci shari'a da sunanta, su bi ta daga ofishin 'yan sanda har zuwa ranar yanke hukunci. Wannan ya fi kowace liyafar buɗa-baki ko ta Kirsimeti wahala, domin kowane shugaba zai fuskanci fushin mabiyansa.

Akwai kuma batun siyasa. Takarar Musulmi da Musulmi a Kaduna a 2019 da 2023, da ta shugaban ƙasa a 2023, ta mayar da mumbari da bagadi da yawa dandalin yaƙin neman zaɓe. Malamin da ya ce wa mabiyansa a watan Fabrairu cewa zaɓe yaƙin addini ne, zai yi wuya su yarda da shi idan ya dawo a watan Afrilu yana cewa duk 'yan uwan juna ne. Yayin da 2027 ke ƙaratowa, masu jefa ƙuri'a suna da damar riƙe abin da kowane malami da fasto ya faɗa, su auna shi da abin da yake faɗa a zauren sulhu.

Ga gwamnatin jiha, binciken ajin kwamfuta ya nuna hanya mai araha. Duk cibiyar koyon sana'a, gasar ƙwallo, kasuwa ko rukunin gidajen da za a gina da kuɗin jama'a, ana iya ajiye shi a inda matasan arewa da kudancin kogi za su iya zuwa, a kuma tsara shi ta yadda za su gauraya. Gyaran makarantun gwamnati har mai hali ya yarda ya kai ɗansa aikin zaman lafiya ne, ko da ba a rubuta hakan a kasafin kuɗi ba.

Ga matasa kuwa, wayar da ke hannunsu ta gaji aikin da jita-jitar kasuwa ta yi a 1992 da 2000, kuma ta fi ta sauri. Tsohon hoton gawarwaki daga wata ƙasa yakan zaga unguwanni cikin minti kaɗan, kafin wani limami ya kira wani fasto. Ashafa da Wuye sun haura shekara 60, yawancin waɗanda suka sanya hannu a takardar 2002 kuma sun tsufa ko sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda za su gaje su sun tashi ne a birnin da aka riga aka raba, kuma da yawansu ba su da lambar wayar ko mutum ɗaya a ƙetaren kogi da za su kira su tambaye shi ko abin da suka gani gaskiya ne.